Mai Danna Dariya

Ni ne mai danna dariya.
Ba a ganina a tele. Ina can bayan gilashi,
da kofin shayin da ya huce, da wani jan maɓalli
wanda in na taɓa shi mutum ɗari su kece
a ɗakin da ba kowa sai kujerun roba da fanka.

Shekara goma sha tara Arzika yana kan kujerar nan,
ƙarfe sha ɗaya na dare, bayan labarai,
hularsa a karkace kamar ita ma tana da ta cewa.
Ya yi wa masu taksi ba'a, ya yi wa masu ɗauke wuta,
ya kwaikwayi raƙumi yana taƙama a kan gada
har 'yan fada a Bukoki suka bar shayi ya ƙone.

Nomau kuwa yana gefe, a kan benci.
Shi ke cewa ƙwarai, shi ke miƙa ruwa,
shi ke rubuta rabin abin da ake yi wa maigida tafi.
An ce masa baɗi. Baɗi ta zo, aka ce baɗin baɗaɗa.
A kan bencin nan ya yi furfurar farko.

Ranar ban kwana an yanka rago.
Arzika ya cire hula, ya ɗora masa, har da hawaye.
Ya ce zai koma wajen Tawa ya ga albasarsa.
Na danna tafi. Hannuna ya san aikinsa.

Wata biyar.
Ashe albasa ba ta yi wa mutum tafi.
Ya dawo da sabuwar shadda, ya shiga ofishin darakta
tun hantsi har la'asar,
masu tallar shinkafa da katin waya suka ce tsohon hannu suka sani.
Aka tura Nomau ƙarfe ɗaya saura,
sa'ar da ba mai kallo sai masu gadi da sauro.

Ya ƙi. Ya haye kogi zuwa wata tasha a Harobanda,
ya tafi da mai gurmi, da marubuta biyu,
da hular.
Hular ce yanzu ake aiken manya a kanta.
Dare ya rabu biyu kamar goro,
Yantala ta Arzika, Gamkalle ta Nomau,
a Wadata har an fasa buta kan wa ya fi.
Wannan ya yi habaici Litinin, wancan ya rama Talata,
ba a kama suna, amma kibiya ta san hanya.
Barira kuma mai dambun zogale, da wayarta mai tsagaggen gilashi,
tana kwashe musu yara ɗaya bayan ɗaya,
ko waigowa ba su yi ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba.
Dariyar nan ni na ɗauke ta, da 'yar rikoda mai batir,
wani dare da wuta ta tafi, inji ya ƙi tashi, tun ana shiri.
Suka zauna a ƙasa suna yagar kilishi cikin duhu.
Arzika ya faɗi wani abu kan jakin kakansa,
Nomau ya ƙware, yana dukan siminti yana roƙon ruwa,
tsohon ya kama dariyar dariyarsa.
Na ninka muryoyin har suka cika ɗaki.
Da Nomau zai tafi ya roƙe ni kwafi, na ba shi.
Bai gane kansa a ciki ba.

To, kullum ƙarfe sha ɗaya,
in Arzika ya soki yaronsa, Nomau ne ke shiɗewa don daɗi,
in Nomau ya rama daga hayin kogi,
can ƙasa-ƙasa tsohon ne ke tari,
yana cewa kai, bari, za ka kashe ni.

Nakan rage ƙarar wurin kaɗan, kada su ji.
Shayina ya sake hucewa.